Shagon da na sayi kayan haɗa allon gadona a Sabon Gari

Tun bayan ƙaramar sallah nake son canza allon gadona, gadon tun na jere ne kuma lafiyarsa ƙalau, allon ne kawai ya kware ta gefe ɗaya, ga shi in na jingina bayana ciwo yake. Da kafinta ya faɗa min kuɗin sabo sai nace bari dai in gwada da hannuna tunda dama ina taɓa ɗinki. Maƙwabciyata ce ta kwatanta min wani shago a kasuwar Sabon Gari nan Kano, wajen masu soso da yadin kujeru, kuma yanzu zuwana uku kenan shi yasa nace bari in faɗi abinda na gani.

Shagon ƙarami ne gaskiya, soso an jibge shi har rufi, mutum biyu in suka shiga na uku sai dai ya tsaya a waje cikin rana. Amma mai shagon, wani dattijo ne, shi ne dalilin da yasa nake komawa. Ina cewa allon gado zan yi bai fara ɗauko min kaya ba, sai yace "Hajiya gadon nawa da nawa ne?" Nace shida da shida Baba. Yace to filawud ƙafa 4 da 8 yake zuwa, shi baya sayarwa, in je 'yan katako na Na'ibawa a yanka min, kuma kar in yarda a bani sirrin nan mai lanƙwasa, in ɗauki mai kaurin rabin inci, sannan tun a can in sa a huda min ramukan botin adon da ake lotsa soson da su kafin in manna komai. Wallahi wannan maganar ta ramuka ita ta cece ni, don da na manna soso tukunna da ban san ta inda zan ɓullo ba.

Wajen soso ma ya ɗauko kala biyu ya ajiye a gabana yace in danna da babban yatsa. Ɗaya yana lotsawa ya daɗe bai taso ba, ɗayan kuwa ina ɗaga hannu ya dawo. Na biyun ya fi tsada amma shi na ɗauka, mai inci 3, yace in yanka da wuƙar burodi a hankali kamar ana zarto. Ya haɗa min da faiba da ake shimfiɗawa a sama da gam Evo-Stik, yace a shafa jikin katakon a shafa jikin soson a bari ya sha iska ya fara danƙo kafin a haɗa, kuma in buɗe taga don warinsa yana hawa kai. Gaskiya ya faɗa, a tsakar gida ma na ƙarasa aikin.

Yadin kuwa karan-miski na zaɓa ruwan toka, yadi biyu da rabi. Nan ma sai da ya kwatanta min, yace in shafa shi sama da ƙasa, kinga ta wani ɓangaren yana kwanciya yayi haske, ta ɗayan yana tashi yayi duhu, to kwanciyar ta kalli ƙasa. Yana da ɗan injin da ake lulluɓe botin da ƙyalle, a gabana yaronsa ya buga min guda 15 da ragowar yadin, sun fito tsaf kamar na kanti.

Inda raina ya ɓaci shi ne stefula. Irin ta hannu ce da ake matsawa, tana aiki amma tana da tauri sosai sosai, kafin in gama gefe biyu tafin hannuna ya yi kanta, kuma yaron ya bani ƙusoshinta masu tsawo, mili 14, duk wadda na harba sai ta lanƙwashe ko ta maƙale a ciki in ta zaƙulowa da filaya. Yini guda na ɓata a haka ina zaton ni ce ban iya ba. Da na koma Baban ya yi wa yaron faɗa ya canza min da masu mili 8 bai karɓi ko sisi ba, daga nan aiki ya tafi, in ja yadin in fara daga tsakiya, sama sannan ƙasa, dama sannan hagu, kusurwa a ƙarshe. Amma ya kamata ace yaron ya tambaya tun farko kamar yadda ubangidansa yake yi, don kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa ba wanda ya biya ni. Jan botin da basilla kam sai mutum biyu, ƙanwata ce ta danna ta gaba ni ina ɗaurewa ta baya.

Akwai ɗan tebur a bakin shagon da suke ajiye duwatsun ado da ƙugiyar ɗankunne, na saya don 'yata mai son haɗa 'yan kunne da awarwaro. Duwatsun ba laifi amma kalolin kaɗan ne, ƙugiyoyin kuma sam ban ji daɗinsu ba, sati biyu suka yi baƙi kunnen yarinyar ya dinga ƙaiƙayi har ya yi ja, irin ƙarfen nan ne mai araha da ba kowace fata ke ɗauka ba. Na cire su duka. In dai duwatsu kike nema ki wuce kasuwar Kurmi kawai, kasuwar da take nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can za ki samu murjani da tsakiya da na jigida kala-kala ki zaɓa son ranki.

Mai zuwa ta je da safe kafin azahar kafin layin ya cushe, ta riƙe tsabar kuɗi don ranar farko tiransifa ta kusa rabin awa bata shiga ba, kuma ta tafi da awon gadonta a rubuce. Ni dai Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan koma, soson kujerar madubi nake so ya yankar min, akwai sauran yadin da zai isa.