Garin furotin ko ƙwai da wake, wanne ya fi?

Kullum sai an tare ni a jim (wurin motsa jiki) nan Agege da tambayar nan, musamman masu son sauke tumbi. To bari mu ɗora su a sikeli.

Wajen kuɗi kam abinci ya fi araha. Cokalin awo ɗaya na garin furotin irin na whey yana bada furotin kamar giram 24, ƙwai ɗaya kuma giram 6, kenan ƙwai 4 sun biya, shi kuwa garin yawanci daga waje ake shigo da shi, dala na motsawa farashinsa ya tashi, wake kuwa ga shi jibge a kasuwar Mile 12.

Amma wajen sauƙi ba a haɗa su, ka gama ɗaga ƙarfe ka faɗa goslo, ruwa kawai za ka zuba a gora ka girgiza.

Haɗari fa? Akwai jabu sosai, a duba lambar NAFDAC. Daga madara ake yin whey, wanda madara ke kumbura wa ciki zai ji a jikinsa, mai ciwon ƙoda kuma sai da izinin likita. Kuma wallahi garin ba ya ƙona kitse, ƙoshi kawai yake sa ka, wake ma na yin haka.

Mai atisaye sosai da ba shi da lokacin girki, garin zai masa amfani. Mai son rage ƙiba da ƙaramin aljihu, ƙwai da wake da kifi sun ishe shi.