KoboToolbox a binciken tasirin yawon buɗe ido kan tsohon gari

Mai binciken abin da yawon buɗe ido ke yi wa tsohon gari ba baƙi kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana son sanin gida nawa aka mayar masauki, shago nawa ya bar kayan masarufi ya koma sayar da tsaraba, da ko 'yan gari na kwashe kayansu suna tashi. Tsakiyar birnin Venis na Italiya ya isa misali: a 1951 mazaunansa sun kai wajen 175,000, a 2022 kuwa ba su cika 50,000 ba. Irin wannan zaizayewa ba ta bayyana a alƙaluman filin jirgi, sai an bi lungu-lungu, ƙofa-ƙofa. A nan ne KoboToolbox ke da rana.

Manhaja ce ta tattara bayanai da aka faro a 2005, ta yi suna a aikin agaji. Ana tsara fom a kwamfuta, a sauke shi a wayar Android ta manhajar KoboCollect, a cike ko babu intanet, a tura idan an samu. Mai iPhone sai dai ya cike ta burauza.

Inda ta fi burgewa shi ne ƙidayar gine-gine. Kowane gini a ba shi fom guda. Tambayar farko ita ce me ake yi a benen ƙasa, da zaɓi ƙayyadadde: mazauni, masauki, gidan abinci, shagon tsaraba, shagon masarufi, ko a rufe. Idan gini ɗaya na da shaguna uku, akwai rukunin tambayoyi mai maimaita kansa, ba sai an buɗe sabon fom ba. A ƙara tambaya kan 'yan akwatunan makulli masu lambar sirri da ake kafawa a jikin ƙofa. Ƙofa ɗaya da akwati huɗu a jere, kuma babu suna a jikin ƙararrawa, alama ce mai ƙarfi cewa hayar 'yan kwanaki ake bayarwa a ciki. A sake zagayen bayan wata 12 da fom ɗin nan, sauyin zai fito baro-baro.

Matsalar tana ga GPS, kuma ba ƙarama ba ce. Manhajar na jiran kuskuren wuri ya sauko zuwa mita 5 kafin ta ajiye shi da kanta. A lungu mai ƙunci da dogayen bangaye, waya ba ta ganin sama sosai, siginar kuma na bugun bango tana dawowa. Mai aiki zai gaji da tsayuwa ya danna, sai wurin ya faɗa a wani layin daban. Maganinsa tun kafin a fita ne: a buga taswira, a ba kowane gini lamba, a sa lambar ta zama tambayar dole. GPS ya zama mai shaida kawai. Hotuna ma a rage girmansu da umarnin max-pixels=1024, in ba haka ba su cinye ma'ajiyar asusun kyauta, su kuma hana fom tafiya. Fuskar mutane kada ta shiga hoto ba da yardarsu ba.

A hirar mazauna, tsallake tambaya bisa amsar da ta gabata yana aiki lafiya lau. A fara da biyu: a ina kake kwana, kuma gidanku na samun kuɗi daga baƙi? Ba a banza ba. Wanda ya tsaya babban titi da tsakar rana, yawancin waɗanda zai tarar masu shago ne da 'yan rakiyar baƙi, wasunsu ma a wajen gari suke kwana, kuma abincinsu na hannun baƙon. Tsohuwar da hayaniyar jakunkuna masu taya ke hana barci tana can sama, sai an ƙwanƙwasa mata da yamma. Amsoshi 384 sun isa a samu kuskuren kashi 5 cikin 100 a babban gari, amma da sharaɗin an zaɓi gidajen ba da son rai ba, kuma wannan zaɓen manhajar ba za ta yi wa kowa ba. Matakai huɗu na yadda 'yan gari ke ɗaukar baƙi da wani masani mai suna Doxey ya kawo a 1975, wato murna da baƙi, halin ko-in-kula, ƙosawa, sai adawa, suna shiga fom cikin sauƙi a ma'auni mai maki biyar.

Su kuma baƙin, lallai a raba mai kwana da mai yini ya tafi, domin nauyinsu kan gari ba ɗaya ba ne. Venis ma masu yinin ta fara ɗora wa kuɗin shiga na yuro 5 a wasu ranaku a Afrilun 2024. Fom ɗaya na ɗaukar harsuna da yawa, a sauya a tsakiyar hira, amsoshin kuma su taru a wuri guda.

Ƙirga cunkoso kuwa ba aikinta ba ne. Lokacin da jirgin ruwa ya juye fasinja a gari irin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, babu mai iya buɗe fom ga kowane mai wucewa. A riƙe ɗan abin ƙirga na hannu a bakin ƙofar gari, minti 15 a kowace awa, sannan a shigar da jimilla. Nazarin da manhajar ke yi ma bai taka kara ya karya ba, 'yan zane-zanen alƙaluma ne kawai. Sai an fitar da bayanan zuwa Excel, taswira kuma zuwa manhajar taswira ta QGIS.

A kunna lokacin farawa da na gamawa a kowane fom: hirar minti 15 da aka kammala cikin uku, a zaune aka cike ta. Sannan da zarar an fara aiki, kada a taɓa sunayen ɓoye na tambayoyi da na zaɓi, wato sunayen da manhajar ke ajiye amsoshi da su. Rubutun da ake gani ana iya gyara shi, amma sauya sunan ɓoye na raba amsoshin tambaya ɗaya gida biyu, kuma da hannu za a haɗa su. Gwajin fom 20 a lungu mafi ƙunci kafin ranar farawa yana tona yawancin waɗannan kurakurai.