Allurar PRP da aka yi wa Umma a gwiwa, abinda na gani bayan wata takwas

Wata takwas kenan da aka yi wa Umma allurar PRP, wato wadda ake haɗawa daga jinin mutum a yi masa ita a gwiwa, a wani asibitin kuɗi nan cikin Kano, kuma har yau ba a rufa sati wani bai kira ni yana tambaya ko su ma su kai tasu tsohuwar ba, shi yasa nace bari in zauna in faɗi komai yadda ya faru ba ƙari ba ragi.

Umma shekararta 63, ta haura shekara biyar tana fama da gwiwar dama, da farko ƙara ce kawai ƙas ƙas in zata miƙe, sai kumburi ya biyo baya, a hankali har sujjada ta gagara ta koma sallah a kujera, kuma wallahi wannan ya fi cin ranta akan ciwon kansa, ranar da ta fara sai da ta yi hawaye. Na kemis kam mun yi har mun gaji, diclofenac ne, feldene ne, man zafi kala kala, ƙarshe dai olsa ce ta taso mata. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙauri ya siɗe ta ɓangaren ciki, amma bai kai inda ƙashi ke gugar ƙashi ba. Ita kuma ko kalmar tiyata bata son ji.

Wajen kula da mutum gaskiya ban da abin cewa, wuri fes, an bamu ƙarfe goma kuma goma da kwata muna ciki. Nas ta ɗebi jini a hannunta cikin babban sirinji, aka sa a wani ɗan inji mai juyawa kamar minti goma sha, da aka fito da shi jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kalar ɗorawa a sama. Wannan na saman shi ake so, don a cikinsa ne ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare in mutum ya yanke suke taruwa. Likita ya goge gwiwar da aidin, ya ɗora na'urar sikanin yana kallon bakin allurar a allo har ta shiga cikin gaɓar, Umma ta damƙe hannuna tana salati, kafin ka ce kwabo an gama an manna filasta. Sau uku aka yi, sati sati. Ya hana ta diclofenac da ibuprofen kafin allurar da bayanta, sai parasitamol kawai, kuma ya faɗa mana kwana biyun farko zata kumbura ta yi zafi, haka kuwa aka yi.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar da aka yi mana a risefshon kafin mu biya. Yarinyar da ke wajen cewa ta yi allurar tana tsiro da sabon guringuntsi, gwiwa ta dawo kamar ta budurwa, kuma da wannan maganar muka ciro kuɗin da ya kai kuɗin makarantar yarana biyu na zango guda. Sai a allura ta biyu da na matsa wa likitan nace likita dan Allah ka faɗa min gaskiya, zai tsiro ko ba zai tsiro ba, yace a'a Hajiya rage ciwo ake fata, wasu suna samu wasu basa samu. To me yasa ba a faɗi haka tun a bakin ƙofa ba? Daga baya ƙanina da ke karatun likita ya nuna min binciken da aka yi a Ostireliya aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2021, mutum 288, rabi aka yi musu PRP rabi ruwan gishiri ba tare da sun sani ba, bayan wata 12 babu wani bambancin a zo a gani, a ciwo ne ko a guringuntsin. Akwai wasu binciken da suka nuna yana taimakawa, shi yasa likitoci basu haɗu a kai ba, amma mai biyan kuɗi ya kamata a gaya masa haka.

Su Umma dai bayan kamar sati shida ciwon ya lafa sosai, ta koma bacci har asuba ba tashin tsakar dare tana matsa ƙafa, wannan ba zan ɓoye ba. A wata na shida sai ƙagewar safe ta fara dawowa kaɗan kaɗan, muka sake hoto, yadda yake da haka yake.

A asibitin sun kuma nuna mana wasu alluran. Akwai ta sitiroyid mai araha da saurin aiki, amma 'yan makonni take yi kuma tana tayar da suga na kwanaki, Umma kuwa tana da suga. Kuma a wani binciken da aka buga a 2017 an gwada ta a Amurka akan mutum 140, rabi sitiroyid rabi ruwan gishiri, allura duk wata uku har shekara biyu, sai aka ga guringuntsin masu sitiroyid ya fi na masu ruwan gishiri siɗewa. Akwai wadda suke ce wa allurar mai, mai yauƙi ce kamar ruwan da ke cikin gaɓa, asali ma daga zankon zakara aka fara haɗa ta. Sai ta sitem sel, wato ƙwayoyin halittar jiki da ake cewa suna sabunta inda ya lalace, da kuɗinta ya ninka duka, ita kam ko tsayawa ban yi ba, tunda hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka bata amince da ita a matsayin maganin ciwon gwiwa ba.

Abinda zan yaba da gaske a asibitin nan shi ne ɗakin fiziyo, wato inda ake koya wa marasa lafiya motsa jiki, da ke can baya, wanda ko a takardar tallansu da kyar ka gan shi. Mai kula da wurin wata yarinya ce mai haƙuri, ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin gwiwar tace Mama danne shi da ƙarfi mu ƙirga goma, Umma tace 'yata wannan ɗan abin ne zai yi min magani, tace Mama tsokar cinyarki ce ta saki, in ta yi ƙarfi ita zata ɗauke wa gwiwar nauyi. Daga nan aka koma ɗaga ƙafa a miƙe, sai tashi da zama a kujera ba dafawa. Ita ce ta lura Umma tana riƙe sanda a hannun dama, ta mayar mata hagu, ashe a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙewa, shekara biyu muna kuskure ba wanda ya faɗa mana. Ita ce ta sa muka canza banɗakin tsugunno zuwa na zama, kuma tace duk kilo ɗaya da mutum ya sauke kamar ya rage wa gwiwa kilo huɗu ne a kowane taku. Aka rage malmalar tuwon dare, aka daina lemon kwalba, yanzu kilo 6 ta sauke. Kuɗin zuwa fiziyo sau goma bai kai na allura ɗaya ba.

A ganina mai hali wanda ciwonsa bai yi nisa ba zai iya gwada PRP ɗin in ya san rage ciwo ya je saya, amma dan Allah kar wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi a kansa. Har yanzu Umma a kujera take sallah, sai dai tana takawa Islamiyya da ƙafarta ta dawo. Satin da ya wuce sun kira daga asibitin wai lokacin zagaye na biyu ya yi, na faɗa mata, tace a bar shi tukuna, in dai tabbatar direba ya zo da wuri ranar Talata kar 'yarta ta fiziyo ta yi ta jira.