Yuro 80 a injin niƙan kofi, Yaya ga bayanin da ka nema

Salam Yaya, ya gida ya su Umma, ya fama da zafi, mu nan sanyi ne ya sako mu gaba ƙarfe 4 na yamma gari ya fara duhu. Naga saƙonka kana ta min tsiya akan hoton da na ɗora a status, wai me ya haɗa ɗan Fagge da sikeli da buta mai dogon wuya da asubar fari kamar mai haɗa magani, kuma wai da gaske ne na zuba yuro 80 a injin niƙa na hannu alhali ana jiran kuɗin siminti. Kuɗin siminti na nan tafe ƙarshen wata in sha Allah, amma tunda ka tambaya ko injin ya canja wani abu ko dai kawai Turai ce ta lalata ni to bari in baka labarin tun daga tushe.

Kasan mu a gida in akace kofi to Nescafe ne, mai shayi ya yaga leda ya zazzage maka a kan Lipton da madara ranar da kake son kashe bacci, shikenan. Nan Hamburg abin ba haka yake ba, garin tashar jiragen ruwa ne kuma ta nan kofi yake shigowa tun zamanin kakanninsu, akwai wata unguwa ta tsofaffin rumbuna na jan bulo a bakin ruwa sunanta Speicherstadt inda a da ake jibge buhunan kofi da ganyen shayi da kayan ƙamshi da darduma, kamfanin Tchibo ma a garin nan aka kafa shi 1949. Har haraji na musamman gwamnatin Jamus take karɓa, yuro 2.19 a kowane kilo na gasasshen kofi, kaga kuwa abin da aka yanka wa haraji nasa na kansa ba abin wasa bane. Ita kanta takardar tace kofi wata mata ce a Dresden mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro ta a 1908, ta huhhuda gindin tukunya ta shimfiɗa takardar tsane tawada ta ɗanta ɗan makaranta don ta gaji da shan kofi da guntsattsari a baki.

Ni aikin dare ne ya jefa ni ciki. Na kanti yuro 3 ko fiye kofi ɗaya, in ka lissafa a wata sai kaji gabanka ya faɗi, shine na sayi mazurarin nan na roba V60 na kamfanin Hario na Japan, bai kai yuro 10 ba, ka sa takarda a ciki ka zuba garin kofi ka riƙa tsiyaya ruwan zafi a hankali yana ɗiga cikin kofi. Na haɗa da ƙaramin inji mai wuƙa irin mai juyawa kamar bilenda, na sha kusan shekara a haka, kullum abin da ɗaci ga wani tsami-tsami a ƙarshe, ni kuma a zatona haka kofi yake sai in danna masa suga cokali 3 in rufe ido in shanye.

Wani dattijo Bajamushe da muke aiki tare a sito shi ya fara ganar dani. Ya kurɓi na cikin filas ɗina ya yamutsa fuska yace gobe in kawo masa garin ya gani. Na kawo, ya zazzage a kan farar takarda ya baza da yatsa, wallahi Yaya ina kallo na tuna Umma in an dawo mata da niƙan masara bai yi ba, wani wajen gari luƙui kamar fulawa wani wajen tsaki manya-manya har da ɓarin ƙwaya guda. Ai mu muka fi kowa sanin wannan, shi yasa ake tankaɗe, ba mai tuƙa tuwo da gari da tsaki a haɗe don kafin tsakin ya nuna garin ya daɗe da kamawa. To haka ruwa yake yi da kofi. Mai laushin nan da nan yake sakin duk abin da ke cikinsa har da ɗaci da bauri, tsakin kuma ruwa ya wuce ta gefensa bai jiƙa cikinsa ba sai ya baka tsami da lami, ka haɗa su a kofi ɗaya. Ga shi mai laushin yana gangarawa ya toshe takardar, ruwa ya tsaya cak kamar kwatar unguwarmu da damina, sai na yi minti 5 har 6 a tsaye ina jira abin da ya kamata ya ƙare a wajen minti 3. Ita wuƙar sara kawai take, wanda ta samu ta sare, bata san girma ba.

Ɗaya nau'in injin kuma haƙora biyu ne na ƙarfe ɗaya cikin ɗaya, dutsen niƙa ne dai aka yi masa gyaran Turawa, ƙwaya bata faɗowa sai ta kai girman ratar da ka saita, akwai ɗan makunni a ƙasa kana juyawa yana ƙas ƙas, ka matse yayi laushi ka sassauta yayi tsaki. Irinsa na yi oda, na kamfanin Timemore na ƙasar Sin, ta intanet, kwana 2 ya iso bana gida maƙwabciyata ta karɓar min. Abin da ya bani ƙarfin halin saye shine dokarsu, duk abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar a baka kuɗinka ba sai ka faɗi dalili ba, in kuma da aibi ya zo shekara 2 mai sayarwa na da alhaki. Ka tuna janareton da muka saya muka koma washegari mutumin yana nuna mana rasit wai kaya in ya fita ya fita? To.

Ranar farko giram 15 na auna, ruwa 250, na bar butar ta huce kaɗan bayan ta tafasa, na fara jiƙa garin da ruwa kaɗan ya kumburo yana kumfa kamar ƙullin waina na jira sakan 30 sannan na ci gaba. Minti 3 da 'yan sakanni ya tsane. Kofin Habasha ne na Yirgacheffe, irin wanda na saba saye, amma sai naji wani ƙamshi kamar lemon tsami da fure wanda tsawon shekara guda ina karantawa a jikin leda ina cewa ƙaryar talla ce. Na sha babu suga, ni ɗin nan da ka sani. Don haka amsar tambayarka eh ya canja, canji kuwa ba kaɗan ba.

Amma tsaya kaji sauran. Dattijon nan nasa Comandante ne, a nan Jamus ake ƙera shi, kuɗinsa ya haura yuro 200, ya ara min na sati guda don ya kwaɗaita min. Yafi nawa daɗin riƙewa, hannunsa na juyawa sumul, kofin ma ya ɗan fi fitowa tas ba na musu, sai dai da aka zuba min biyu a jere ban san wanne ne wanne ba sau biyu ina canka daidai sau ɗaya na faɗi. Daga wuƙa zuwa haƙora kamar ka sauka daga jaki ka hau mota ne, daga nawa zuwa nasa kuwa mota ce da mota, tasa dai tafi kujera mai laushi. Na mayar masa da kayansa da godiya, yace harshena ne bai gama koyo ba, nace to bari ya koya a hankali siminti na jira.

Kuma akwai inda injin baya taɓuka komai. Wani sati aljihu yayi ƙasa na ɗauko mai arha a babban kanti, baƙi ƙirin mai maiƙo ba a ko rubuta ranar da aka gasa shi ba, na niƙa shi tsaf a sabon injin ya fito da ɗanɗanon gawayi, niƙa mai kyau dai amma gawayi. Na je Berlin wajen wani ɗan Zinder abokina da injina da kofina a jaka don in burge shi, ruwan famfonsu nauyi gareshi cikin butarsa yayi fari fat da farar ƙasa, kofin ya fito ba armashi yana ta min dariya ya ɗora mana shayi a ɗan buta irin nasu. In kuwa mutum zai zuba madarar gwangwani da suga ne kamar yadda kake yi, ya riƙe kuɗinsa kawai ba abin da zai ji.

Shagunan da suke gasa kofi da kansu suna niƙa maka kyauta in ka saya, ka faɗi da me zaka dafa su saita injin, sai dai niƙaƙƙe kwana kaɗan ƙamshin ya gudu shi yasa na fi son in niƙa na lokacin. Suna tuna min mai injin bakin layinmu, shi da tafin hannu yake gane laushi ba lamba ba, illa dai in ka kai gero bayan mai barkono kunun ranar sai an sha da hawaye. Gyara kuwa mun fi su nesa ba kusa ba, murfin tsohon injina ya tsage na shiga wani shago mutumin yace kuɗin dubawa kaɗai ya fi kuɗin sabo, abin da yaro a Sabon Gari zai liƙe maka kana tsaye.

Na ɗaure shi da salatif yana aiki, zan bayar a kawo wa Umma ta riƙa niƙa citta da kanumfari da masoro, wannan aikin kam ya iya shi, wutarmu ɗaya da tasu sai dai ka sayo mata adafta don filoginsa mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Sannan dan Allah in kana da wanda yake hawa Mambila ta Gembu ka tambayar min, ana noman kofi a can saman dutsen, ina son ko rabin kilo ne ƙwayarsa ba niƙaƙƙe ba in kai wa dattijon nan ya ɗanɗana. Kilishi kar ka sako a kayan, basa barin nama ya shigo ƙwacewa zasu yi a filin jirgi. A gaida Anti da yara.