Gwiwar roba don koyon tiyata: wacce za ku saya?

Kafin duba farashi, a fara sanin aikin da za a koya, domin gwiwar da ta dace da koyon dashen gaɓa ba ita ta dace da tiyatar kyamara (wadda ake zura siririyar kyamara cikin gaɓa) ba. A asibitocin horarwa irin na ƙashi da ke Dala a Kano, inda ba a cika samun gawar gwaji ba saboda ana gaggauta jana'iza, kuskuren saye asara ce babba.

Idan yankan ƙashi ne, ƙashin soso (na roba mai kama da soso) na kamfanin Sawbones ta Amurka ko Synbone ta Suwizalan ya wadatar. A zaɓi mai tauri a waje da laushi a ciki, kuma lallai mai ramin ɓargo. Idan babu ramin, sandar da ke saita yankan ƙashin cinya ba za ta shiga ba, ɗalibi kuwa ba zai koyi karkatar digiri 5 zuwa 7 da ake yi wa yankan ba. Ana auna taurin soson da PCF, ma'aunin nauyinsa gwargwadon girmansa: 10 kamar ƙashin tsoho ne da ya zaizaye, sukuru na kwancewa a cikinsa, 15 zuwa 20 ya fi kusa da lafiyayye. Yanka ɗaya ake yi, don haka a ƙirga ƙashin cinya ɗaya da na ƙwauri ɗaya ga kowane ɗalibi, da ƙarin biyu ko uku. A haɗa da matsin da zai riƙe shi a tebur; ƙashin da ke rawa ƙarƙashin zarto ba ya yankuwa daidai.

Kada a ruɗu da ƙashin da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Na gwajin ƙarfin ƙarafa ne a ɗakin bincike, ga tsada, ga dakusar da zarto.

Tiyatar kyamara na buƙatar fata, jijiyoyi da guringuntsin da ake cirewa a musanya. Nan dillalai ke cin kasuwa: gwiwar da araha, kayan musanyar da tsada. A nemi farashinsu tun farko. Sannan a lanƙwasa gwiwar a matsa ta gefe, a ga ko gaɓar na buɗewa har madubin kyamarar mai kaurin milimita 4 ya kai bayan guringuntsi. Wadda ta buɗe da yawa ma ba ta da kyau, tana koya wa hannu sakaci.

Nau'in SynDaver mai ɗanyen nama na roba ya fi kama da jiki a taɓi, amma dole ya zauna cikin ruwa mai magani, in ba haka ba ya bushe ko ya yi funfuna, musamman da zafin bazara. Na'urar kwamfuta irin ta VirtaMed tana ba da maki kuma babu abin da ake yarwa, sai dai tana son tsayayyar wuta da mai gyara a kusa.

Masu shirin ɗaukar hoton ƙashi yayin horo su nemi wanda aka yi don ya fito a hoto, domin soso zalla da ƙyar ake ganinsa.