Motar golf da aka ɗaga: a buɗe ƙafafu ko a rage tsayi?

Wanda ya ɗaga motar golf (ƙaramar motar nan ta filin wasan golf, ba Volkswagen Golf ba) da inci 6 don ya sa manyan tayoyi, nauyinta ma ya koma sama, nesa da ƙasa. A gangaren Rayfield ko wajen duwatsun Shere a Jos, da an karya kwana sai ta fara rinjaya.

Wasu makanikai kan sa faifan ƙarfe bayan kowace taya, ƙafafun su buɗe da inci 2 kowane gefe. Da araha, kuma yana taimakawa, sai dai boris ɗin taya kan gaji da wuri.

Ni dai gara a sauke ta zuwa inci 3. Cikinta zai riƙa gogar dutse jefi-jefi, amma ta zauna daram. Saukewar ta fi muhimmanci idan an sa batirin lithium, don ba shi da nauyin na dalma da ke danne motar ƙarƙashin kujera.