Mustang ko Charger ta 1968: wacce ta fi?

Malam, ka ce kana son sanin wacce ta fi tsakanin Ford Mustang da Dodge Charger, 'yan 1968, kuma me ya sa har yau ake zuba musu maƙudan kuɗi. Ni dai wajen ƙira Charger nake bai wa, amma ka sani tun asali ba ajinsu ɗaya ba.

Mustang ƙaramar mota ce da aka yi don kowa ya samu. Ranar 17 ga Afrilu 1964 Ford ya fito da ita a baje kolin duniya na New York, kan dala 2,368. Ba sabon abu suka ƙera daga tushe ba. Gindin Falcon, motar masu ƙaramin ƙarfi, suka ɗora wa sabon bodi mai dogon bonet da gajeren baya, suka kafa doki mai sukuwa a ragar gaba. Lee Iacocca, babban jami'in Ford na lokacin, matasa ya hango, kuma hasashensa ya yi daidai, don kafin shekara biyu ta cika an sayar da miliyan ɗaya. Mai son sauƙin mai ya ɗauki silinda shida, mai son gudu ya ɗauki V8 mai silinda takwas. Ta 1968 tsawonta bai wuce mita 4.7 ba, kuma samfurin GT na iya zuwa da injin 390, wato lita 6.4.

Charger kuwa ta kai mita 5.3, ga faɗi ga nauyi. Irinta ce ainihin motar ƙarfi ta Amurka: matsakaicin bodi, injin babbar mota. Samfurin R/T yana zuwa da injin 440 mai lita 7.2 da ƙarfin doki 375, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara kuɗi a sa masa 426 Hemi mai doki 425.

Amma ba lissafin inji ne ya ja ni gare ta ba, jikinta ne. Tsaya a gabanta: ba za ka ga fitila ko ɗaya ba, sai baƙar raga daga wannan gefe zuwa wancan. Fitilun suna ɓoye a ciki, sai direba ya kunna murafen su ɗaga. Zaga gefe, ka ga bodin ya tsuke a ƙugu sannan ya buɗe a kan tayoyin baya kamar kwalbar lemo. Gilashin baya ya nutse tsakanin ginshiƙan rufin, murfin tankin mai kuma yana saman ƙugun hagu a fili, irin na motocin tsere. Ba tarkacen ado a jikinta, layin ƙarfen kawai ke magana. Mustang kyakkyawa ce, musamman mai rufin da ya gangaro har baya, da fitilunta uku-uku a tsaye. Sai dai kyanta na fara'a ne, na Charger na kwarjini.

A 1968 ɗin ma an haɗa su a fim ɗin Bullitt, jarumin fim ɗin Steve McQueen cikin koriyar Mustang GT 390, baƙar Charger R/T na tsere da shi a tudun San Francisco. Waccan Mustang ɗin an yi gwanjonta a Janairun 2020 kan dala miliyan 3.74. Wani ɓangaren tsadar kuma daga ƙarancinsu ne. Zamanin motocin ƙarfi bai daɗe ba: dokar hayaƙi ta 1970, tsadar inshora da matsalar man fetur ta 1973 suka taru suka kashe shi. Shi wancan injin 426 Hemi bayan 1971 ba a sake sa shi a motar titi ba.

Wajen tuƙi kada ka yaudari kanka da ɗayansu. Dukkansu kafireta ce, suna shan mai ba tausayi, birkinsu bai kai ƙarfin injinsu ba. Mustang ta fi sauƙin shan kwana saboda ƙanƙantarta, Charger ta fi jin daɗin miƙaƙƙen titi.

In riƙewa za ka yi kana hawa, nan Mustang ta yi nasara, ba ko tantama. An ƙera ta da yawa, kayan gyaranta a wadace suke, har sabon bodi sukutum ana bugawa yau. Charger ta 1968 ba ta kai dubu ɗari ba, kayanta da tsada, tsatsa kuma na cin ta a gindin gilashin baya da ƙasan but. Sannan ana yawan manna wa gama-gari tambarin R/T a sayar da tsada, don haka duba lambar shasi da kamfani ya buga wa motar kafin ka biya ko sisi: R/T ta gaskiya da XS29 take farawa, harafin da ke biye in L ne injin 440 ne, in J ne Hemi. A Mustang, harafi na biyar in S ne, da 390 ta fito daga kamfani.